Kujerar da Baba Ya Tanadar wa Mama

Perth,
19 ga Oktoba.

Zuwa ga Yayana Graeme,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Isla da yara. Allah ya sa sanyin Aberdeen bai fara kama maka ƙirji kamar bara ba, ya kuma ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu ma nan lafiya lau muke. Maigidana Terry ya warke daga aikin gwiwar da aka yi masa, har ya koma yankan ciyawa ba wanda ya sa shi. 'Yarmu Phoebe tana fama da jarrabawar ƙarshe, ba ta magana da kowa a gidan sai kare. Da hannu na zaɓi in rubuto maka, domin in na kira ka a waya, kafin in kai tsakiyar magana ka ce in kwantar da hankalina, ni kuwa yau ba na so a kwantar mini da shi.

Shekaranjiya muka dawo daga zagayen wasan kiɗa a garuruwan alkama. Gari tara cikin kwana goma sha biyu, mu goma sha bakwai a bas ɗaya, ƙaton gogen Stavros shi kaɗai ya cinye kujera uku. Da safe mu yi wa 'yan makaranta wasa, da rana mu yi gwaji a zauren da ba fanka, igiyoyi suna saki saboda zafi, da yamma mu sa baƙaƙen kaya mu yi murmushi. Ka san ƙungiyarmu ba ta da mai tsayawa a gaba yana kaɗa sanda, kowa da bakinsa. Mutane in sun ji haka sai su ce abin sha'awa. To su zo su zauna gwaji ɗaya su gani. A gari na biyu minti arba'in muka yi muna gardama a kan sauti ɗaya tak, wai a ja bakan goge sama ko a ja shi ƙasa, daga ƙarshe aka koma yadda muke yi tun shekara goma. Sannan Anneke, wadda ke jan ragamarmu daga gogen farko, ta je Turai ta dawo da sabon salo: a tsaye za mu riƙa kiɗa, kuma da ka, ba takarda. Yaya, shekarata hamsin da bakwai. Shekara ashirin da shida ina riƙe da matsakaicin goge, wanda ba mai jin sa sai ranar da ya yi kuskure, yanzu kuma an ƙwace mini kujera da takarda a rana ɗaya.

Kiɗa uku muka ɗauka. Akwai tsohon kiɗan Italiya wanda ko a barci aka tashe ni zan yi shi, akwai na Bajamushen nan mai sanyi da Mama take sawa in tana guga, sai kuma sabo da wata baiwar Allah mai suna Lindsay ta rubuta mana musamman a kan tafkunan gishiri. Wannan na ukun shi ya kusa raba mu. A cikinsa muna ƙwanƙwasa katakon goge da yatsa, muna hura iska a kan igiya, a tsakiya kuma akwai inda za mu tsaya cak, baka a sama, daƙiƙa arba'in ba motsi. Stavros ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa samun wurin da ya iya sosai kamar wannan shirun ba, a ba shi lambar yabo. Lindsay tana biye da mu a bas ɗin da ɗan littafinta, kullum ta ce shirunmu bai yi zurfi ba. Na tambaye ta yadda ake zurfafa shiru, ta ce in ji shi a cikina. Abin da na ji a cikina yunwa ce.

Gari na bakwai shi ne namu, ranar Lahadi ƙarfe biyu na rana, a zauren taron da aka yi bikin aurenka. Ka san Baba bai taɓa zuwa jin wasana ba sai sau biyu, duka biyun kuma Mama ce ta ja shi. Muna fitowa na hango shi a layin gaba, da kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya taje gashi da ruwa. Kujerar da ke gefensa ba kowa, ya shimfiɗa koren mayafin Mama a kai. Gabana ya faɗi, amma Anneke ta riga ta ɗaga baka, sai na bi. Kiɗan Italiya ya wuce lafiya. Da muka shiga na Lindsay muka kai wurin shirun nan, mutum ɗari da hamsin ba mai tari, sai na'urar jin da ke kunnen Baba ta fara fito, siriri, ba tsayawa. Anneke ta harari 'yan goge na biyu, ta ɗauka wani ne hannunsa ya zame. Ana cikin haka Baba ya juya wajen kujerar da ba kowa, da muryarsa ta kiran karen tumaki, ya ce, “Jean, sun gama ne, ko wani abu ya lalace musu?” Zaure ya fashe da dariya, wasu suka fara tafi. Stavros ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa da aka dawo kiɗa, abin da na haddace wata biyu ya ɓace mini fat. Layi shida ina jan baka a iska, ina kallon mayafin nan.

Bayan an tashi aka shiga shan shayi da kek ɗin matan gari. Baba ya gane ni sarai, har ya ce na ɗaure fuska kamar mai ƙirga tumakin da suka ɓata. Lindsay ta zo fuskarta a murtuke, ya kama hannunta ya ce kiɗanta shi ne ya fi, wai haka wayar shinge take kuka in iska ta juyo kafin ruwa. Matar nan ta kusa yin hawaye, ta rubuta maganar a littafinta. Sai ya juyo gare ni ya ce in zuba wa Mama shayi, ta je gyara fakin ɗin mota ne, yanzu za ta shigo. Yaya, shekara uku ke nan da muka binne ta.

Gwaggo Dulcie ta ja ni kicin ta faɗa mini sauran. Ta ce tun watan Yuni yake haka, wata rana garau, wata rana ya shirya tebur na mutum biyu ya zauna yana jira abinci ya huce. Sau biyu maƙwabta suna tsintar a-kori-kurarsa a bakin hanya, shi kuma yana tafiya a ƙasa wai zai ɗauko mu daga makaranta. Na ce mata don me ba ta gaya mini ba? Ta ce ta gaya maka a waya, ka ce mata tsufa ne, ai ranar ma ya lissafa maka ruwan da aka yi wata-wata bai yi kuskure ba. Lallai ba zai yi ba. Baba ko ya manta sunanmu ba zai manta ruwan sama ba. Na bar bas ya tafi, na bi Baba gona. A firij na sami madara kwalba bakwai, biyar sun lalace. Maganin hawan jininsa na watan jiya ko buɗe shi ba a yi ba. Gwaggo tana da shekara tamanin da ɗaya, idonta ɗaya ne mai gani, ita muka bar wa wannan nauyi, kai daga Aberdeen ni daga cikin bas.

Washegari da sassafe Terry ya zo ya zauna da shi, ni na kamo 'yan ƙungiya a gari na takwas. Wata mai zuwa ƙungiyarmu za ta Japan, tafiyar da muka yi shekara huɗu muna nema, kuma a ƙaramar ƙungiya irin tamu kujera ba ta zama ba kowa. Mu uku ne masu matsakaicin goge, in ɗaya ta fita sai an ɗauko wata, waɗanda ake ɗaukowa kuwa 'yan shekara ashirin da biyar ne masu haddace kiɗa a kwana biyu. Na sami Anneke na shirya faɗa, na ɗauka za ta fara da maganar layi shidan nan. Ta ce ta gani, kuma da ubanta ne da ita ma ta ɓata. Ta ba ni wata uku, zuwa ƙarshen Janairu. Ta kuma faɗa mini gaskiya, ta ce in ya wuce haka ba ita kaɗai ke da magana ba, mutum goma sha shida ne, kuma na san yadda suke. Na fita ina jin haushinta saboda ta hana ni abin da zan ji haushi a kai.

To ga inda muke. Ba zan je Japan ba. Ranar Asabar zan koma gona da gogena, in kai Baba wajen likita, in karɓe makullin mota, wanda na san sai an yi yaƙi. Zan zauna har a gama girbi a wuce Kirsimeti. Daga Fabrairu kuwa naka ne. Na san aikinka, na san nisa, na san ɗanka Fergus yana shekarar ƙarshe a makaranta. Ni ma ina da aiki, kuma ba sha'awa ce nake yi da yamma ba kamar yadda ka taɓa faɗa wa Isla a gabana. Ba fushi nake yi da kai ba, ko in ce ina yi, amma ba shi ne dalilin takardar nan ba. Jiya a waya Baba ya tambaye ni ko ka dawo daga kiwo. Yana neman ka, kuma har yanzu in ka shigo zai san kai ne. Likitar da na yi wa bayani ba ta yi mini alkawarin haka zai kai baɗi ba.

Ka gaishe mini da Isla ƙwarai, ka ce na gode da hular da ta saƙa. Ka gaida Fergus da Morag. Terry da Phoebe suna gaishe ku, Gwaggo Dulcie ma ta ce a gaishe ka, ko da yake ba da irin muryar da za ka so ta faɗa ba. Kada ka kira ni ka ce za ka duba. Ka rubuto mini ranar da jirginka zai sauka, ni zan zo in ɗauke ka.

Ƙanwarka,
Nerida