Gonar Badr Da Na Ƙi Rabawa

Da sunan Allah. Ni Badaru Dumbulwa, mazaunin unguwar Ƙurban a Madina, na rubuta wannan cikin Rajab na 1404. Hankalina garau yake, ƙafafu ne kawai suka ƙi kai ni ko masallacin Ƙuba.

Na ɗaya. Abdulsalam, Ashafa da Ƙaltume, 'ya'yana, kun san ba a yi wa magaji wasiyyar dukiya. Kowa ya ɗauki abin da Allah ya yanka masa. Littattafaina na hisabi wakafi ne ga ɗaliban Nijeriya masu zuwa karatu gidan nan.

Na biyu. Gonar dabinonmu ta Badr. Rabin rayuwata ina raba wa mutane gado, amma tawa da gangan na bar ta. Karkatacciya ce, rijiyarta ɗaya. Abdulsalam ya san rabon kowa a shari'a, Ashafa ya iya awon ƙasa. Ku tafi a mota ɗaya, kada ku kira bare.

Na uku. Abdulsalam, tun da ƙaninka ya dawo daga Ingila da digirin lissafi ka daina cin abinci da shi, wai ya sha ilimin Nasara. Wannan ya fi ciwon ƙafar nan cina. Ka manta a cinyata ka fara ƙirga, da dabino, kana cinye amsar kafin mu gama? Lissafin aljabarar da yake yi, malaman Bagadaza da Farisa ne suka tsara ta, har don warware gado irin wanda kake koyarwa. Sifiri ma daga Hindu suka karɓo, ba su ƙyamace shi ba. Ta Andalus Turawa suka ɗauki ilimin, suka rene shi, ya ƙara ƙiba a hannunsu. Ɗan gida ne ya daɗe a tafiya, ya dawo da baƙuwar riga.

Na huɗu. Ashafa, rage murmushin nan idan yayanka yana magana. Wajen mahaifiyarku ka gado shi, Allah ya jiƙanta, amma ita ta san lokacin yinsa.

Na biyar. Ƙaltume, uwata, kada ki karɓi rabonki sai sun ci a akushi ɗaya a gabanki. Suna jin kunyarki fiye da tawa.

Allah ya yi muku albarka, ya albarkaci zuriyarku. Ina son ku, ban iya faɗa da baki ba ne. Idan kun auna gonar kuka tarar rijiyar ba ta rabuwa, to kun gane lissafin babanku. Ku bar ta, ku sha tare.