Na Baje Tuddan Keken Ɗana, Ya Koma Bin Tireloli

Iyaye mata, ina gargaɗinku: ranar da kuka ga miji da ɗa sun haɗa kai a kan waya suna ƙus-ƙus, washegari suka aro shebur da baro, ku tashi tsaye tun ba a sari ƙasa ba. Ni na yi sake. Uwar Shawara, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ɗana namiji ɗaya ne, shekararsa goma sha shida, ba shi da zance sai keke. Babansa tela ne, mutumin da bai taɓa ɗaga abin da ya fi almakashi nauyi ba. Su biyun nan suka kwance mini igiyar shanya, suka tuge ɗan lambuna a filin da ke bayan ɗakunanmu, wai za su yi hanyar keke irin wadda suka gani a bidiyo. Tuddai ne a jere kamar kaburbura, Allah ya yafe mini, da kwana mai gangare a kowane ƙarshe. Wai ba a murza feda. A gangara a danna keken da jiki, a hawa a sassauta, ya yi ta zagayawa. Na ce wannan ai koya wa yaro son banza ne, a yi tafiya ba a sha wahala ba. Suka yi dariya. Kullum da yamma suna yayyafa ruwa da bahon wankina suna daɓe ƙasa, su shigo mini falo da taɓo har gwiwa.

Abin da ban sani ba, ba sayo ƙasar suka yi ba. Daga gindin bangon kicin suka haƙo ta, suka rufe ramin da tsohon kwanon rufi. Da aka yi ruwa, ramin ya cika ya kwana. Fenti ya fara ɓarewa, kabad ɗina ya yi funfuna, sai ga tsaga daga taga har ƙasa, yatsana na shiga. Na yi magana, baban ya ce za a duba. Na sake yi, ya ce za a duba. Ran nan yana shago, yaron yana makaranta, na kira leburori suka baje tuddan, suka cike ramin da ƙasarsa. Ban yi nadama ba. Gida ba filin wasa ba ne, kuma ba zan zauna bango ya faɗo mini a kan tukunya ba.

Da yaron ya dawo, ya tsaya da jakarsa a baya yana kallon filin, bai ce uffan ba. Da rashin kunya ya yi mini, na san maganinsa. Shirun nan ne ban san yadda zan yi da shi ba. Yanzu daga makaranta sai babban titi. Maƙwabciyata ta gan shi da idonta ya kama bayan tirela da hannu ɗaya tana jansa. Na ɗaure kekensa a ƙarfen taga, ya koma aron na abokai, wani ko birki babu. Shekaranjiya na tsinci rigarsa a ƙarƙashin katifa, hannunta a yage, jini ya bushe a jiki. Na yi faɗa, na yi nasiha, na yi kuka. Baban kuwa abin da kawai ya ce, da can ko yana shago ya san inda ɗansa yake. Duk lokacin da na ji ƙarar birki a titi sai na ruga ƙofar gida na leƙa. Jikina yana ba ni wata rana ɗauko mini shi za a yi.

Dokar da na kafa yanzu ita ce: daga makaranta sai gida, ƙofa a kulle, makulli a hannuna, kuma shebur ba zai sake shiga gidana ba.

Uwar da ta gaji

Amsa:

'Yar'uwa, sannu. A kan bango kina da gaskiya. Rami a gindin gini ba abin wasa ba ne, kuma maigida ya yi laifi da ya bar ki da "za a duba". Ki kira magini ya ga tsagar nan cikin makon nan, don cike rami ba ya ɗinke bango.

Amma ramin ne ya yi miki ɓarna, ke kuwa tuddan kika hukunta, kuma a bayan idonsu. Yaron da hannunsa ya daɓe su, ga babansa a gefe, abin da samari da yawa ba sa samu. Ba son banza ba ne. Gumi ya zuba.

Dokarki ba za ta riƙe shi ba, ke ma kin sani. Ɗan shekara goma sha shida ya fi katanga tsawo. Ki fara da baban, ku biyu, ba faɗa. Shi zai je titin nan ya dawo da ɗansa, yau ba gobe ba. Idan za a sake ginawa, a sayo ƙasa daga waje, a ja da baya sosai daga bango, a yi wa kowane kwari hanyar da ruwa zai fita, a bar miki wurin shanya, kuma ba hawa sai da hular kwano. Waɗannan sharuɗɗanki ne, ki tsaya a kansu.

Ba zan yi miki alkawari ba. Yaron da ya ɗanɗana gudun titi yana iya raina tsakar gida, kuma yana iya cewa ba ya so don kawai daga bakinki tayin ya fito. In ya ƙi, kada ki ƙara kwaɗo. Ki kwance masa nasa keken mai birki, gara ya hau shi da na aro. Allah ya tsare miki shi, ya sanyaya zuciyarki.

Uwar Shawara