Tsagar Katangar Lambu

Daren Laraba, Marylebone, Landan

Tun ina Zariya nake jin wai a Landan akwai gidajen da ko katangarsu ba ka isa ka yaɓe ba sai hukuma ta yarda. Na ɗauka zancen 'yan hira ne.

Yau farin yaɓen katangar lambun gidan da 'yata Bilkisu ke haya ya tsage, jan bulo ya leƙo. Na kwaɓa siminti zan toshe, yadda muke yi kafin damina. Ta riƙe min hannu: "Baba, don Allah bari. Gidan tarihi ne, farar ƙasa kaɗai hukumar unguwa ta yarda a sa. Mai gida zai tashe mu."

Simintin ya bushe a bokiti, ruwa na ta shiga tsagar.

Ta ƙarshe da ta gaya min zancen gidajen nan tun a Zariya, har na yi mata dariya, Hajiya ce, uwar Bilkisu, Allah ya jiƙanta.