Faifan Roba a Keken Baba Ɗalha

Assalamu alaikum Hajiya 'Yardada. Don Allah ki taimake ni da shawara, kwana tara ke nan ina juya magana ɗaya a raina na kasa yanke hukunci.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne a unguwar Koki, shekarata arba'in da ɗaya, sana'ar kuma gadonta na yi. Tun ina sakandare nake da ɗabi'ar rubuta abin da na yi kullum a littafi. Matata Bahijja tana yi min dariya, wai ko atishawa na yi sai na sa mata kwanan wata.

Bara ƙaninta Abdulhakeem, da zai koma Kaduna da aiki, ya bar min wata tsohuwar firinta, wadda ake kira 3D. Ba takarda take bugawa ba. Zaren roba take narkarwa, ta yi ta shimfiɗa shi hawa bisa hawa har abin da aka zana a kwamfuta ya fito da jikinsa. Tsohon yayi ce, irin na farko-farko, shi ma a hannu ya saye ta. Kafin ya tafi ya koya min zane, kuma sau biyu ya nanata min cewa samfuri ake yi da ita: a gwada, in ya yi daidai a kai wa maƙeri ya zuba na ƙarfe.

To akwai Baba Ɗalha, aminin mahaifina marigayi Malam Sule, wanda ya shekara arba'in yana yi wa manyan riguna aiki. Kekensa ya kwanta shekara biyu saboda wani ɗan faifai mai haƙora goma sha takwas da ya cinye, kuma an daina kawo irinsa. Babu inda ban duba ba. Sai na ce bari in gwada wannan injin.

Hajiya, sau arba'in da uku na buga faifan nan, duk suna cikin littafina. Goma sha ɗaya ɗauke wuta ce ta lalata su ana tsakiyar aiki. Wasu gefensu ya ɗago daga farantin da injin yake bugawa a kai ya lanƙwashe. Wasu ramin tsakiya ya fito a matse, wasu ya yi faɗi, alhali zanen ɗaya ne, ban taɓa komai ba. Da damina zaren ya sha danshi ya riƙa tsinkewa. Wani kuma na manta shi a kan taga, rana ta tausasa shi. Waɗanda suka fito da ɗan kyau na gwada su a wani tsohon keke a shagona: mafi daɗewa ya yi awa goma sha ɗaya, sai ya rabe ta inda hawa-hawan suka haɗu. Guda ɗaya tak, na ashirin da bakwai, shi ne ya zauna daram a keken Baba. Na sake buga goma sha shida bayansa da zanen nan dai, ko ɗaya bai yi kamarsa ba. Har yau ban san dalili ba.

Ga inda na yi kuskure. Na sa masa ne don mu gwada na awa ɗaya in cire in kai wa Ado mai zubin tagulla. Da keken ya tashi sai tsohon nan ya tsaya yana sauraren ƙararsa, idonsa ya ciko. Ya dafa kaina ya yi ta sa min albarka, ya yi wa mahaifina addu'a. Bayan La'asar kuma ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa mutane cewa ɗan Sule ya tayar masa da keke. Ta yaya zan buɗe baki a nan in ce a ba ni abina? Na ce gobe. Goben ce ta kai kwana tara.

Yanzu ya karɓi riguna shida na shaddar mutane, na bikin saukar karatu, saura mako uku. In faifan ya fashe ana cikin aiki, allura na iya kaucewa ta yaga wuyan riga. Ado kuma ya ce sai ya riƙe samfurin kwana uku. Ga teloli uku sun zo suna neman in buga musu nasu.

Wani lokacin sai in ce ko tsorona ne kawai. Baba a hankali yake aiki, awa ɗaya ko biyu a rana, kuma faifan ya riga ya wuce duk 'yan'uwansa. Ko wannan ɗin daban ne? Bahijja ta ce in je in faɗa masa, amma ba ita za ta kalli fuskarsa ba. Ban taɓa musa wa mutumin nan magana ba tun ina yaro. Me zan yi?

Mai gyaran keke, Koki

Wa alaikumus salam Malam.

Ni ba injiniya ba ce, kuma ba sai na nemo injiniya ba, domin amsar tana cikin littafinka. Mutumin da ya gwada abu sau arba'in da uku ya rubuta sakamakon kowanne ba matsoraci ba ne, ya san abin da yake faɗa. Faifan ya wuce 'yan'uwansa, gaskiya ne, amma hakan na nufin ya matso ƙarshensa ne. Kuma ka lura: in ya fashe, ba riga kaɗai za a rasa ba. Samfurin da ya yi daidai guda ɗaya ne a hannunka, kai da kanka ka ce ka kasa maimaita shi. Ranar da ya tarwatse, me za ka kai wa Ado?

Ban ga laifin Baba ba. Ya ga kekensa na aiki, babu wanda ya ce masa na wucin gadi ne. Kunyar da ka ji a ƙofar masallaci ma tarbiyya ce, ban raina ta ba. Sai dai ta yi amfaninta a ranar farko. Daga rana ta biyu sunan Baba take sawa a haɗari, sunan da ya yi shekara arba'in yana tsarewa.

Ka je gobe da safe, gida ba shago ba, inda babu mai jin ku. Ka zuba fasassun fayafayan nan a gwangwani ka tafi da su. Kada ka tsaya dogon bayani, ka miƙa masa ya taɓa, ya ga inda suke rabewa. Mai sana'ar hannu ne, yatsunsa za su gane kafin ka gama magana. Ka ce kuskurenka ne da ba ka faɗa tun farko ba, sannan ka roƙi kwana uku. Kafin ka je, ka tsayar da rana da Ado, don Baba ya ji ba ƙwace masa keken ka zo yi ba, dawwamar masa da shi za ka yi. Kwana uku cikin mako uku ba za su hana rigunan fita ba. Ko ransa ya ɗan sosu, ka jure.

Telolin nan uku kuwa, ka gaya musu gaskiya tun yanzu: roba ta gwaji ce, aiki sai tagulla.

Albarkar da ya sa maka ba a kan roba ya sa ta ba, a kan ɗan amininsa ne da ya ƙi barin kekensa ya mutu. Allah ya yi maka jagora, ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan Malam Sule. Ka buɗe sabon shafi a littafin nan, ka rubuta lamba ta arba'in da huɗu, a gabanta ka sa: tagulla.

Hajiya 'Yardada