Ƙashin Saniya a Wuyan Mabel

Tobiya Isaac,
Unguwar Yelwa, Jalingo.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Sakataren Ilimi,
Ƙaramar Hukumar Jalingo, Jihar Taraba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: HANA BAYANIN TURANCI DA HAUSA DA WULAƘANTA YARA A FIRAMAREN TUDUN KUKA

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne mai suna a sama, tela, mahaifin Mabel Tobiya 'yar aji biyar. Ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun bara Malama Victoria ke koya musu nahawun Turanci, tana warware musu shi da Hausa, domin 'yan ajin Mumuye ne da Fulani da Jukun, Hausar ce ta haɗa su. A hannunta Mabel ta gane kowace kalma da aikinta a jimla. Ko a shagona ba ta barina in huta: keke suna ne, ɗinka aikatau, har tsufan keken nawa sai da ta samo masa sifa.

2. Ranar 23 ga Satumba sabon hedimasta ya hana malamai furta Hausa a aji. Yanzu haddar ma'anoni ake yi kamar waƙa. Na tambayi yarinyar me take rerawa, ta ce ba ta sani ba.

3. Ya kuma kawo ƙashin saniya da igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa ko yarensu, a rataya masa, ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, bulala. Yara sun koma farautar juna. Ranar 2 ga Oktoba Mabel ta tambayi ƙawarta da Hausa mene ne wakilin suna, ƙawar ta tona ta. Ta yini da ƙashin, ta sha duka.

4. Na je na sami hedimasta cikin ladabi. Ya ce su ma haka aka yi musu.

5. Ranka ya daɗe, Turancin bai zauna a bakin 'yata ba, shiru ne ya zauna. Jiya Lahadi mahaifiyata ta zo daga Lau. Ta gai da jikarta da Mumuye a bakin coci, yarinyar ta waiga hagu da dama ko akwai 'yan ajinsu, ta sunkuyar da kai ba ta amsa ba. Tsohuwa ta tambaye ni laifin me ta yi wa yarinyar. Abin yana cin raina har yanzu.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya turo jami'i ya bincika, a jefar da ƙashin nan, a bar Malama Victoria ta ci gaba da bayani yadda yara za su gane. Ina son 'yata ta iya Turanci. Na kai ta makaranta ne ta ƙaro harshe, ba a raba ta da kakarta ba.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Naka mai biyayya,
Tobiya Isaac
(sa hannu)