Jikin Saudatu

Faskari,
Laraba, cikin watan Rajab.

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki da mutanen Ƙanƙara baki ɗaya. Yaya gwiwar taki? Yaya sana'ar mai da ƙuli? Ni dai ga ni nan, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma alhamdu lillahi. Ki yi haƙuri da rubutun. Kunnena ba ya ɗaukar waya, kuma maganar ba ta wayar maƙwabta ba ce.

A kan jikata Saudatu ne, 'yar marigayi Mas'udu. Kin san tun da uban ya rasu, uwar ta yi aure a Sabuwa, ita kaɗai ke tare da ni. Ita ce girkina, ita ce ruwan alwalata, ita ce mai kama ni in miƙe.

Kin san kuma jikin da Allah Ya ba ta. Na kakarta ne, marigayiya Fatsuma, bai bar komai ba. Ranar da aka kawo mani Fatsuma, tsofaffi sai da suka yi ta zagaya ta suna cewa Malam ya yi dace. A zamaninmu in matarka ta rame kai ake kallo, a ce ba ka ciyar da ita. Saudatu ta tashi haka, cikakkiya, tana tafiya ba ta neman afuwar kowa. Ƙawayenta har ƙwayoyin ƙiba suke saye a kemis don su kamo ta, ita kuwa tana yi masu dariya, tana cewa nata na gado ne.

To bayan girbi ta tafi kasuwar Yankara sayen waken suya na awara, a motar Almu maƙwabcina. Suna dawowa da rana tsaka mutanen daji suka tare su, suka fito da kowa suka jera a bakin hanya. Almu ne ya faɗa mani abin da ita ta kasa faɗa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna ta da bakin bindiga, ya ce, "Ku bar ƙasusuwan nan, ku ɗauko mani mai jikin can." Har an kama hannunta sai aka ji baburan 'yan sa-kai, suka gudu. Allah Ya kuɓutar da ita, ko ƙwarzane babu.

Na ɗauka an gama. Ashe ba a gama ba. Ta daina cin tuwo. Tana dafa mani, ta ce ta ci a madafi, amma na ga kwanonta. Ruwan tsamiya da lemun tsami take sha. Tana ɗaure ƙirjinta da tsohon zani tamau har numfashinta na fita da ƙyar, sannan ta zuba hijabin da ya kai ƙasa, a cikin gida, ni da ita kaɗai. Madubin ɗakinta ta juya shi bango.

Ni na koyar da yara lissafi da karatu shekaru masu yawa, amma ba a koya mani abin da namiji tsoho zai ce wa jikarsa a kan jikinta ba. Ke mace ce, kuma ba ki taɓa jin kunyar naki ba. Me zan yi?

Ki gaida kowa da kowa. Almu zai karɓi amsa ranar da ya shigo.

Yayanki,
Yahuza

Faskari,
Asabar, ƙarshen Sha'aban.

Suwaiba ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida, da fatan ana shirin azumi lafiya. Takardarki ta iso, da man gyaɗar da ƙulin. Allah Ya saka da alheri. Na yi dariya inda kika ce ke duk Ƙanƙara babu mai mashin da bai roƙe ki ki biya kuɗin mutum biyu ba, kuma ba wanda kika ba. Rabona da dariya an daɗe.

Kin ce in turo maki ita. Na karanta wurin, na ninke takardar, na yi kamar ban gani ba. Na ce bari in gwada dabarata tukuna.

Dabarar ita ce na ce mata ba zan ci ba sai ta ci. Ta kawo koko na ture, ta kawo tuwo na ture. Kin san ciwon sukari ba ya son haka. Washegari ina alwalar azahar na faɗi a bakin rijiya. Da na farfaɗo na same ta tana kuka, tana cusa tuwo a bakinta a gabana, tana cewa, "Ga shi ina ci, Baba, ga shi ina ci." Daga baya na ji ta bayan ɗaki tana amayar da shi. Ban ƙara ba. Na ga tsoro na ƙara mata a kan tsoro.

Da yamma ta zauna kusa da tabarmata, ta ce tun da take a duniya ana yaba jikin nan, ba ta san ana yaba shi ne kamar yadda ake yaba rago a kasuwa ba. Ta ce a layin nan akwai mata da yawa, me ya sa ita? Na ce mata laifin na mai bindiga ne. Ta ce ta sani, amma mai bindiga yana daji har yanzu, ita kuma da jikin take kwana.

Yanzu ta zube, Suwaiba. Wuyanta ya fito, idanun sun faɗa. Kuma ga abin takaici. Mutanen da suka riƙa cewa ai dole a zaɓe ta, da irin wannan jiki, su ne yau ke cewa ramar nan ba ta banza ba ce, wai wa ya san abin da aka yi mata a daji. Yarinyar da ko bakin daji ba a kai ta ba. Gide, mai gyaran babur ɗin nan da ke neman ta, yana zuwa har yanzu, yaron kirki ne. Amma uwarsa ta aiko wai a dakata da magana, ita mai jiki ta gani ta yarda, ba sillen kara ba. Saudatu ta ji. Ta ci gaba da tsince shinkafa.

Da jiki an nuna ta da bindiga, babu jiki an nuna ta da baki. Ina za ta tsaya?

Gaskiyar da nake ɓoye maki ita ce ina tsoron gidan nan in babu ita. Wa zai ji in na faɗi? Amma azumi na zuwa, kuma na ga tana murna da zuwansa, murnar da ba ta ibada kaɗai ba ce. Wata guda babu mai ce mata ci. Wannan ya fi tsorata ni.

Ki gyara mata wuri. Ki sa ni a addu'a in iya faɗa mata.

Naki,
Yahuza

Faskari,
Litinin, goman ƙarshe na azumi.

Zuwa ga Suwaiba,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, da fatan kuna lafiya ke da 'yar taki. Allah Ya karɓi ibadunmu.

Saudatu ba ta tafi da sauƙi ba, kin dai ga idonta da ta iso. Sai da na ce umarni ne, kalmar da ban taɓa yi mata ba. Baraka, matar Almu, ke miƙo mani abinci ta katanga. Na koyi dama koko da kaina, yana yin gudaji, ina sha a haka. Gidan ya yi girma. Wani lokaci nakan kira sunanta kafin in tuna.

Na karanta takardarki sau da yawa. Kin ce kwanakin farko ba ki ce mata ci ba ko sau ɗaya, sai dai kika zaunar da ita cikin matan da ke murza ƙuli, masu ƙiba da sirara, suna zagin juna suna dariya, suna buɗa-baki a faranti ɗaya. Kin ce ta fara sa hannu. Kin ce da tela ya auna ta don ɗinkin Sallah ya faɗi awon da ƙarfi, ta fashe da kuka a shagon, ta ce a ɗinka buhu kawai, kuma har yanzu takan farka a firgice. To ban ce ta warke ba. Amma kin ce ba ta hana a yanka atamfar ba.

Yanzu ga roƙona. Almu ya ce ta kira shi tana tambaya ko gaskiya ne na kwanta, wai za ta biyo shi ta yi Sallah a nan. Gaskiya ne, na kwanta, ƙafar ce ta kumbura, kuma malamin asibitin da ke duba ni bai saki fuska ba. Kada ki bar ta ta zo. Hanyar ita ce hanyar, bakunan su ne bakunan. In ta dawo yanzu saboda ni, abin da kika fara ginawa zai rushe, kuma ni ne sanadi. Ki ce mata Baba ya ce bai yarda ba. In ta yi fushi da ni, na ɗauka.

Abu ɗaya nake so. Ranar Sallah, in ta sa ɗinkin, a ɗauke ta hoto a turo wayar Almu. A tsaye, a tsakar gida, cikin haske. Ki gaya wa mai ɗaukar kada ya yanke ta a kafaɗa. Idona ya rage, amma ina so in gan ta gaba ɗayanta.

Ki gaida yara. Ki yafe mani nauyin da na ɗora maki.

Yayanki mai ƙaunarku,
Yahuza