Tagar Da Kuka Buɗe Wa Talatu, Kuka Rufe Mini

Zuwa ga jami'in da ke kula da shafin intanet na rabon ruwan noman rani, ranka ya daɗe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da mu manoma?

Ni ce Hajiya Kande, shugabar ƙungiyar mata masu noman albasa a gefen Kura. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka.

Na ɗaya. 'Yata Binta, wadda ta karanci kwamfuta, ta gina wa ƙungiyarmu shafi. A tsakiyarsa ta yanka taga, ta ɗora shafinku a ciki, don mu riƙa ganin ranar da za a sako ruwa a kanal ɗinmu. To rubutun naku Turanci ne, haruffan ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Sai ta rubuta wa shafinmu umarni ya ɗauko ranar daga tagar ya faɗa mana da Hausa. Burauza, wato abin da ake buɗe shafi da shi, ta ƙi. Wai shafinku gida daban, namu gida daban: leƙe ta katanga ya halatta, zura hannu bai halatta ba. Da fari wayata na zarga, har na kai ta wurin mai gyara a kasuwar Kura, ya hure mata ƙura ya miƙo mini.

Na biyu. Ban yi faɗa da wannan doka ba. Binta ta ce ba don ita ba, ɓarawo ma zai ɗora shafin bankin mutum a tagarsa ya kwashe asiri. Na ce madalla. Amma ta ce mai gida yana iya miƙo saƙo ta tagar ga maƙwabcin da ya rubuta sunansa.

Na uku, nan ne gizo ke saƙa. Kun rubuta sunan shafin matan Bunkure, ba ku rubuta namu ba. Shugabarsu kuwa Talatu ce, taubashiyata, wadda na girme ta da kwana arba'in cif. Yanzu wayarta ce ke rangaɗa mata ranar ruwa da Hausa, ita kuma tana ɗaga ta sama a gidan suna kamar ta haifi ɗa namiji. Matar da ko rediyo sai an kama mata tasha! Ba hassada nake ba, Allah ya sani. Abinci ne dai ba ya wuce mini in na tuna.

Na huɗu. Makon jiya kun mayar da ruwanmu daga Laraba zuwa Litinin. Kun rubuta, ban musa ba, yana nan cikin taga da ƙwan kwarkwatarku. Ranar Laraba na tafi da fartanya, na tarar da kanal ɗin ya bushe ƙayau. Fangali shida na irin albasata suka kwanta. Abin da ya rage, in ya sake rasa ruwa sau ɗaya, bana ba ni da dashe. Da Talatu ta ji, sai ta aiko mini da jaje da albasa uku manya, wai in ga yadda ake yi.

Saboda haka ina roƙo, ranka ya daɗe, kafin a fara dashe: ku sa sunan shafinmu cikin waɗanda kuke miƙa wa saƙo. Binta ta ce layi ɗaya ne, bai kai tsawon gaisuwar da na yi maka ba. Ba na ce ku cire na Talatu ba, ko da yake in hannu ya goce ba zan kai ƙara ba.

Ku sani, tunda ofishinku ɗaya ke rubuta ranakun kowa, Binta kuma ba kullum take gida ba balle ta karanta mini, yanzu kullum da safe ni ce ke kiran Talatu, in fara gaishe ta, kafin ta duba mini ranar ruwana. Tana sa ni in maimaita gaisuwar, wai layi ba kyau.

Allah ya ƙara girma, ya raya zuri'a, ya raba ka da gaida ƙaninka don ruwan gonarka.

Wassalam.

Hajiya Kande, Kura.